Gyadar Gwaggo Dije da Mugun Dawa

Duk wanda ya ba ka labarin Gwaggo Dije da mugun dawa a Toranke, ba daidai ya ba ka ba, ko da kuwa ya haɗa da rantsuwa. Cewa suke yi wai ya taso mata gadan-gadan, ta kafe shi da ido, ta tofa wani abu, sai ga shi yana ja da baya kamar surukin da ya gama gaisuwa. Makon jiya a kasuwar Ajingi na ji wani mai sayar da igiya yana ba da shi, har ya ƙara gishiri, wai sai da ya durƙusa mata. Na tsaya na ce, "Malam, kana wurin?" Ya ce a'a, amma ai kowa ya sani. Na ce to ni ina wurin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga takalmi da jaka, ya ce 'yan boko ba sa yarda da komai. Na wuce, don ba ni da lokacin musu da mai igiya.

Gwaggo ba ta da wani laƙani. Abin da ta sani na karatu bai wuce na sallah ba. Kuma wurin da suke ɗauka shi ne abin tsoro a labarin, ba nan tsoron yake ba.

Ba mai igiya kaɗai ne ya taso mini da zancen ba. Kaka ce ta shigo. Shekaranjiya ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, jaki ya wuce ni da ɗan kayan harawa, ƙamshin ganyen gyadar da ya sha rana ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a tsaye a tsakiyar hanya kamar wadda ta yar da abu. Shekara goma ke nan ko fiye, amma ƙamshin bai canja ba.

A lokacin ban wuce sha biyu ba. Gwaggo Dije yayar Baba ce, mijinta ya rasu, ta dawo gidanmu da zama, Baba ya yanka mata gayauna can ƙarshen gonaki, inda noma ya ƙare daji ya fara, ta wajen fadama. Ba ta shuka komai a ciki sai gyada, kuma iri ɗaya tak: wata 'yar ƙarama ja, mai ƙwaya uku a kwanso, mai yawan mai. Wurin mahaifiyarsu ta gaje ta, ita kuma da ita ta zo daga Kademi ranar da aka kawo ta aure. A gidanmu 'yar Kademi muke ce mata. Ba a samunta a kasuwa. In ta ƙare a hannun Gwaggo, ta ƙare ke nan.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya da rabin kai. Kafin bazara ta yi nisa, rumbunmu ya fara amsa kuwwa in an yi magana a bakinsa. Zafin shekarar nan har yau ban ga irinsa ba. Da hantsi ƙasa ta isa ta gasa tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa, ruwan rijiya ya koma ja, sai an jira ya kwanta. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe a dama ɗan kunu tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Gidaje da yawa sun cinye irin gyadarsu a wannan bazarar, kuma ban ga laifinsu ba.

Gwaggo kuwa ta zuba nata a tukunya, ta barbaɗe da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Mu yara mun sani sarai. Mu shiga ɗakin da sunan shara, mu yi ta shinshina. Wata rana ƙanena ya yi ta kuka da yunwa har Baba ya kasa jurewa, ya je ƙofar ɗakinta ya tsuguna.

"Yaya, ko ɗan tafi ɗaya ne, a soya wa yaran nan."

"Audu, tashi ka ba ni wuri."

"Ai ba duka na ce ba."

"In na fasa bakin tukunyar nan yau, gobe ma za ka dawo. Ni ma zan ba ka, don ba dutse ne a ƙirjina ba. Saboda haka ba zan fasa ba."

Ta ɗauki zanenta na fita unguwa, sabo fil, ta ba shi ya kai Gaya ya samo dawa. Tukunya dai ba a taɓa ta ba.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska mai ɗauke jinka. Muka fita tsakar gida muna tsalle, Inna tana yi mana tsawa tana dariya tana tara kwano a bakin indararo. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ba a shuka gyada da ruwan farko, sai da aka gama da gero da dawa, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan Gwaggo ta fasa lakar. Ni da ita muka ɓare a zaure, tana lura da bakina. Ta ce in na ci ɗaya za ta gani a idona. A gona ta yi gaba tana sara, ina binta ina jefawa ina takewa da diddige.

Wanda bai yi damina da rumbu wayam ba bai san yunwa ba. Ko'ina kore shar, gona cike da abinci, amma ba wanda ya nuna. Aiki kuma a lokacin ya fi yawa, ga noman fari, ga maimai, ga huɗa. Mun ci tafasa har ta gundure mu. Mun ci kwaɗon rama ba ƙuli, gishiri da barkono kawai. Lokacin marka sai a yi kwana da kwanaki ba a ga rana ba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, tufafi su yi warin danshi. Amma ban tuna muna zaman baƙin ciki ba. In an tashi daga makaranta in ajiye allo in bi Gwaggo gona, mu yi ta faɗa a hanya, ita tana cewa ina da garaje, ni ina cewa tana tafiya kamar hawainiya. A gefen gayaunar akwai ɗan tudu mai sabara, a gindinsa kuma wani tsohon rami na dabgi, dabbar nan mai tonon gara, bakinsa ya kai faɗin masaki. Da daɗewa ba komai a ciki. Nan muke tura goran ruwanmu, don in ka jawo shi da azahar sai ka ji shi da sanyi kamar na sabuwar randa.

Gero ya nuna, muka ci tumu har haƙora suka yi ciwo, fuskokin mutane suka ciko. Gyadar Gwaggo ta rufe kunyoyi ba ka ganin ƙasa. Sai ga ɓarna.

Wata safiya muka tarar da kunya uku a tone, kamar an bi da garma, kwanso a warwatse an tauna an zubar. Gwaggo ta duƙa ta dubi sawu, ta ce mugun dawa ne. Aladen daji ke nan, mai haure biyu a lanƙwashe. Daga fadama yake fitowa da asuba, ya yi aikinsa ya koma kafin mutane su fito. Muka yi shingen ƙaya, ya kutsa ta ƙasa. Muka rataya gwangwanaye a igiya, ya saba da ƙararsu. Muka kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar Baba, washegari muka tarar ya tone har gindinsa.

Dole Gwaggo ta tafi wurin Jibo, Sarkin Bakan garinmu. Taubashinta ne, ɗan kawunta, saboda haka ba a gaisuwar arziki tsakaninsu.

"Sarkin ragwaye, kana nan kana gyangyaɗi, alade yana cinye ni."

"A'a, matata ce da kanta? Ai da kin aiko, da na zo da lefe."

"Lefen me, kai da ko zomo sai ya mutu da kansa kake kawowa gida?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya faɗi gaskiya. Mugun dawa ba cinsa ake yi ba, ba wanda zai ƙona albarushinsa a kansa, ga shi yana farke cikin karnuka. Yaransa ba za su taso ba sai da dalili. Gwaggo ta ce in gyada ta zo gida, kowannensu yana da ƙuli da kwalbar mai. Ya ce to, za su zo. Yaushe? Za su zo dai.

Ba su zo ba. Gwaggo ta gaji da jira, ta ga in aka ƙara mako ba za ta sami ko na shuka ba, muka shiga cira. Ni da ita da Inna, sai Baba in ya samu sarari daga yankan gero. Gyada in an cire ta ba a kai ta gida ɗanya, sai ta ruɓe. Dole ta sha rana a gona. Muka tattara ta tsibi-tsibi a kan tudun nan mai sabara, don nan ne ƙasa ta fi bushewa, muka kifa ta 'ya'yan suna sama, muka zagaye da ƙaya. Ranar kaka ta yi aikinta. Cikin 'yan kwanaki ganyen ya bushe ƙayau, in ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya tana kaɗawa. Ciyawar da ke kewaye ma duk ta bushe.

Ranar da muka je fara tsiga, ni da Gwaggo kawai, a ranar Jibo ya ga damar cika alkawari, bai kuma gaya wa kowa ba.

Bayan azahar ne. Muna zaune a inuwar sabara muna tsige gyada muna zubawa a ƙwarya, sai muka ji haushin karnuka daga fadama, sannan ƙarar bindigar toka, dum. Gwaggo ta ce, "Yau raggo ya tashi." Ba ta ko ɗaga kai ba. Haushin ya yi ta matsowa. Na miƙe don in gani.

Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya fito daga cikin karan dawar maƙwabcinmu, wutsiya a tsaye cak kamar an kafa tsinke, kai kamar turmi, jini yana bin cinyarsa ta baya. Kai tsaye wurinmu ya nufo. Gwaggo ta miƙe da ƙwarya a hannu, ba don jarumta ba, don ba ta san abin yi ba. Ya iso har ina ganin ƙudajen da ke bin idonsa, sai ya yi wata irin juyawa, ƙura ta tashi, ya ja da baya, ya shige ramin da muke ajiye gora. Na ji goran ya fashe, fus.

Wannan shi ne duk laƙanin. Haka mugun dawa yake shiga rami, da baya, don haurensa su tsare ƙofa. Ko Gwaggo tana wurin ko ba ta nan, haka zai yi. Mu ne muka zauna a bakin mafakarsa. Kuma abin ya faru da sauri har ban samu zarafin jin tsoro sosai ba.

Mafarauta suka iso suna haki, su wajen takwas, da karnuka, ɗaya karen yana jan hanji. Ransu ya ɓaci, ga gudu, ga kare. Suka hau bayan ramin ta saman tudu, don ba mai tsayawa a gabansa. Jibo ya ce a yi masa hayaƙi. Kafin mu gane me ake ciki, wani ƙato a cikinsu, Ɗanlami, ya rungumo abin da ya fi kusa da hannunsa, ya cusa a bakin ramin da sandar gora. Abin da ya rungumo kuwa gyadar Gwaggo ce, da 'ya'yanta da komai. Wani ya ƙyasta ashana ya kunna wa ɗan guntun ciyawa wuta.

Na dubi wutar, na dubi tudun. Tsibin gyada ne zagaye da ramin, duk a bushe, ga busasshiyar ciyawa, ga iska tana kaɗawa. Ko yaro ya san abin da zai biyo baya. Su ba su gani ba, idonsu yana kan rami.

Gwaggo ta ajiye ƙwarya, ta taka, ta juya wa ramin baya, ta zauna daram a kan dammin da aka cusa.

Har karnuka suka rage haushi.

"Dije," in ji Jibo, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Tashi. In ya fito, ke zai fara ɗauka."

"Kashe wutar."

"Ki tashi tukuna."

"Jibo, na hana 'ya'yan ƙanena gyadar nan suna kuka. Ban hana su don ka yi wa alade turare da ita ba."

"To ke kika kira mu!"

"Na kira ku ku raba ni da ɓarawo, ban ce ku ƙona gidan ba. Talatu, ke 'yar boko, me kike kallo? Fara kwasa."

Nan tsoron yake, in kuna son sani. Tsibin farko yana dab da ƙafarta. Da na duƙa zan ɗauka, sai na ji shi. Numfashi ne, mai nauyi, yana fita da gurnani ƙasa-ƙasa, kuma kowane fitarsa sai busasshen ganyen da ke ƙarƙashin Gwaggo ya motsa. Tsakanin bayanta da haurensa babu komai sai harawa. Ga warin jini da na jiƙaƙƙiyar ƙasa inda ruwan goranmu ya zube. Na ɗaga ido na dubi Gwaggo. Fuskarta kamar kullum, amma zufa tana ɗiga daga haɓarta, kuma babban yatsan ƙafarta yana rawa shi kaɗai. Ta ga na gani. Ta ce, "Wuce mana."

Na kai tsibi ɗaya can tsakiyar gonar da aka cire, inda ƙasa take fili. Na dawo na ɗauki na biyu. Jibo ya dube ni, ya dubi tulin da ya rage, ya ga in ni kaɗai ce har magariba ba a gama ba. Ya tofar da yawu, ya take wutar da ƙafarsa.

"Ku ajiye makamai ku kwashe mata. Allah ya haɗa ni da masifa."

Haka ƙartin nan suka jingine bindiga da kwari da baka suka koma 'yan dako. Ba mai magana da ƙarfi. Kowa in ya zo kusa da ramin sai ya yi sanɗa. Sau ɗaya abin ya yunƙura a ciki, dammin ya turo Gwaggo gaba kaɗan, Ɗanlami ya watsar da kayansa ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaya. Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Daga baya an yi ta har shekara.

Da aka kwashe tas, Jibo ya ce to, sarauniya, sai a tashi. Gwaggo ta ce ƙafarta ta mutu. Da gaske take, ta yunƙura ta kasa. Jibo ya kwanta rubda-ciki a saman tudun, ya miƙo mata gorarsa ta gefe, ya ce ta riƙe da hannu biyu, zai fizge ta. Ta riƙe da hannu ɗaya. Ba wanda ya lura da abin da ɗayan yake yi sai da ya fizga. Ashe ta damƙi dammin da take zaune a kai, ta taho da shi.

Ramin ya buɗe. Ban ga fitarsa ba, ƙura kawai na gani da wani abu baƙi ya wuce kamar an harba shi, karnuka suka watse suna kuka. Mai bindiga ya rarumo ta, ashe tun harbin farko bai sake ɗura ta ba, yana can yana dakon gyada. Kafin a ce me, wutsiyar nan a tsaye ta shige karan dawa ta nufi fadama.

Jibo ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. "Saboda dammin nan ɗaya, Dije?"

"Da akwai mudu a ciki," in ji ta, tana kakkaɓe shi.

A ranar aka kwaso gyadar gida gaba ɗaya, su suka ɗauko. Mugun dawa bai sake dawowa ba, ko ya dawo ma ba abin da zai tarar. Muka yi kwanaki muna tsiga a tsakar gida, maƙwabta suna shigowa taya mu. Gwaggo ta fara ware na shuka ta liƙe a tukunya, sannan aka soya saura. Gidan ya yi mako yana ƙamshin mai. Ƙanena ya ci tunkuza har cikinsa ya ɓaci. Kowane mafarauci ya sami ƙulinsa da kwalbarsa, har da mai karen da ya mutu, shi aka ninka masa. Su ne kuma suka baza labarin laƙani, don ya fi musu daɗin faɗa a kan a ce tsohuwa ta sa su dako kuma naman ya tsere. Gwaggo ba ta taɓa ƙaryata su ba. Ta ce tun da aka fara zancen, ba akuyar wanda ta sake shiga gonarta.

Yanzu dajin nan duk ya zama gona har bakin fadama. Yaran ajina ba wanda ya taɓa ganin mugun dawa, da na zana musu a allo cewa suka yi giwa ce. Gyada ma tun da fari da ciwon ganye suka bi ta kanta, mutane sun koma wake da gero. Ba laifi, ana ci ana ƙoshi, rumbun Baba bana har ya cika maƙil.

Amma da na je gida ran Juma'a na leƙa ƙarƙashin gadon Gwaggo, na ga tukunya da lakarta ba a fasa ba. Bana ba a shuka ba. Gwiwa ta hana ta zuwa gona, Baba kuma ya ce wahalar banza ce. Irin gyada ba ya jure dogon zama, in ya sake tsallake wata daminar ya mutu a ciki. Na ce mata ta ba ni. Ta dube ni ta ce 'yar boko mai takalmi ce za ta yi huɗa? Na ce ta ba ni ko ta hana ni, ba na son dogon zance. Ta ce in ɗauka, amma in na ci ɗaya za ta gani a idona.

Akwai fili a bayan gidan malamai inda ake zubar da shara. Gobe zan je wurin hedimasta in ce ya ba ni shi. In ya ce sai ya yi shawara, zan fara kai taki, ya same ni a ciki.